Funfunar da Ke Kashe Ƙwari

Funfuna, wato farin abu ko koren da ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu, halitta ce mai rai, dangin naman kaza, kuma tana yaɗuwa ne ta hanyar ƙurar iri, wasu ƙwayoyi ƙanana da iska ke kwasa. Akwai irin da ba ya cin tuwo sai naman ƙwaro mai rai, kuma ya fi yawa a kurmi, wato daji mai duhuwa da laima, irin wanda ke bin bakin rafuka a yankunan Kwali da Abaji na Abuja.

Idan ƙurar ta sauka a kan ƙwaro, sai ta huda fatarsa ta yi ta saƙa zare a cikinsa har ta cinye shi. A dazuzzukan Birazil da Tailan akwai wadda ake kira Ophiocordyceps, wadda ke sa tururuwa ta bar gidanta ta hau tsiro, ta ciji jijiyar ganye ta mutu a maƙale, sannan wani siririn tsinke ya tsiro daga ƙeyarta yana zubo ƙura a kan 'yan'uwanta da ke wucewa a ƙasa. Gizo-gizo ma yana da tasa, mai suna Gibellula.

Wadda ta fi shafar manomi ita ce mai kama fara. A shekarar 1989 aka kafa shirin Lubilosa domin neman maganin fara wanda ba guba ba, kuma daga jikin wata fara da aka samo kusa da Yamai a Nijar aka ciro funfunar Metarhizium, wadda aka haɗa da mai, don kada zafin Sahel ya busar da ita, aka yi maganin feshi mai suna Green Muscle. Farar da ta kamu takan rage cin ganye, jikinta ya yi ja, ta mutu cikin mako ɗaya zuwa uku, daga baya koriyar ƙura ta rufe gawar. Jinkirin nan shi ne aibin maganin a wajen mai gaggawa, amma ba ya kashe tsuntsaye da ƙudan zuma kamar yadda guba ke yi.

Manomin da ya ga mataccen ƙwaro lulluɓe da funfuna a gonarsa da damina, ya bar shi a wurin, domin ƙurarsa za ta kama wasu, kuma idan fara ce, kada a haɗa ta da wadda za a soya.