Aiki, Albashi da Baƙo: Nazarin Shakkun Jama'a a kan Alƙaluman Aikin Yi a Nijeriya

Tsakure

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa rashin aikin yi a Nijeriya kashi 4.1 ne cikin 100, alhali adadin da ta bayar kafin nan kashi 33.3 ne. Jama'a ba su gaskata ba. Wannan maƙala ta ɗauki wannan shakku a matsayin abin nazari, ta auna shi da ma'anar kalmomin aiki da albashi da baƙo a harshe da al'adar Bahaushe. Hujjarta ita ce, abin da hukuma ta ƙidaya da abin da mai sauraro ya fahimta ba abu ɗaya ba ne, kuma a cikin giɓin da ke tsakaninsu ne zargin baƙin ma'aikata yake samun wurin zama.

Fitilun Kalmomi: aiki, sana'a, albashi, baƙo, ƙididdiga

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da gwamnati ta ce ayyukan yi sun ƙaru, tambaya ɗaya ake ji a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo na kiran waya: ina ayyukan suke? Masana tattalin arziki kan ɗauki wannan tambaya a matsayin rashin fahimtar lissafi, 'yan siyasa kuma su kira ta adawa. A ganin wannan maƙala, tambaya ce ta ma'ana kafin ta zama ta lissafi, don haka tana cikin hurumin manazarcin Hausa. An dogara ne da rahotannin da hukumar ta wallafa, da dokokin albashi na ƙasa, da kuma kalmomi da karin magana da Hausawa ke amfani da su a maganar yau da kullum.

2.0 Ma'aunin Hukuma

A tsohon tsarin hukumar, sai wanda ya yi aikin awa 40 a mako ake ɗauka a matsayin mai cikakken aiki. Wanda ya yi tsakanin awa 20 da 39 aikinsa bai ishe shi ba, wanda kuwa bai kai awa 20 ba, marar aiki ne. Da wannan ma'auni aka samu kashi 33.3 a rubu'in ƙarshe na 2020. Sabon tsarin ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya: duk ɗan shekara 15 zuwa sama da ya yi aikin awa ɗaya tak a cikin kwana bakwai domin lada ko riba, mai aiki ne. Marar aiki shi ne wanda bai yi ko da wannan awa ɗayar ba, kuma yana nema, kuma a shirye yake ya fara. Wanda ya gaji da nema ya zauna ba ya cikin lissafin.

Saboda haka saukowar adadin daga 33.3 zuwa 4.1 ba ta nufin an buɗe masana'anta ko guda. Mudun aka sauya. Hukumar ba ta ɓoye wannan ba, kuma a cikin rahoton an nuna cewa sama da kashi 92 na masu aikin suna ɓangaren da ba shi da rajista ko kariyar doka, masu aikin albashi kuma ba su cika kashi 12 ba. Sai dai labarin rediyo ba ya ɗaukar dogon sharhi, kashi 4.1 shi ya isa kunnen jama'a. Ya kuma isa ne watanni uku kacal bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Hatta Dakta Yemi Kale, wanda ya shugabanci hukumar daga 2011 zuwa 2021, ya fito fili ya soki ma'aunin awa ɗaya.

3.0 Aiki a Bakin Bahaushe

Kalmar aiki tana da faɗi ƙwarai. Noma aiki ne, daka aiki ne, ibada aiki ce, har magani ma akan ce ya yi aiki. Amma da zarar ta haɗu da aikatau samu ko nema, sai ma'anarta ta ƙuntata. Idan aka ce "wane ya samu aiki", ba wanda zai ɗauka cewa an ba shi dakon buhu uku ne a kasuwar Dawanau. Abin da ake nufi shi ne ya samu wurin da zai riƙa zuwa kullum, a biya shi a ƙarshen wata. Haka nan ma'aikaci, duk da cewa ƙirar kalmar tana iya nufin duk mai yin aiki, a yau ta keɓanta ga mai albashi, musamman na gwamnati. Yarinyar da ke wanke-wanke a gidan wani tun asuba har dare 'yar aiki ce, ba a ce mata ma'aikaciya, ko da ta fi kowane akawu shan wahala.

A gefen wannan akwai sana'a, wadda darajarta a al'adance ta girmi ta aikin albashi. Ƙira da saƙa da rini da dukanci da fawa duk sana'o'i ne da ake gada ko a koya a hannun ubangida har a kai ga yaye. Mai sana'a ba a ce masa marar aikin yi, ko da kasuwarsa ta yi sanyi. Daga nan sai a sauko zuwa ƙwadago da jinga da leburanci, inda ake sayar da ƙarfi a kan ladan yini ko na yarjejeniya. Paul Lubeck, a littafinsa na 1986 a kan Musulunci da leburorin birnin Kano, ya nuna yadda mutanen karkara da gardawa suka shiga wannan sahu a masana'antun birnin. A can ƙasa kuma akwai abin da matasa ke kira buga-buga: yau a yi dillancin waya, gobe a karɓi aron babur a yi acaɓa, jibi a taya wani lodi. Ƙarshen tsanin shi ne zaman kashe wando, na wanda ake cewa ba shi da aikin fari balle na baƙi.

Muhimmin abin lura shi ne inda Bahaushe ya ja layi. Tambayi mai buga-buga ko yana da aiki, zai ce maka "babu, sai dai 'yan dabaru", ko da ya wuni a rana. A wurinsa layin yana tsakanin abin da ke rufa asiri da abin da ba ya rufawa. Rufin asiri kuwa ma'auni ne mai sassa sanannu: cefane, kuɗin haya, suturar iyali, maganin yaro, da ɗan abin da za a miƙa wa iyaye. Hukuma ta ja nata layin a tsakanin mai buga-buga da mai zaman kashe wando, wato matakala biyu ko uku ƙasa da inda jama'a suka ja nasu. Da mai fassara ya ce "rashin aikin yi ya koma kashi 4.1", mai sauraro ya ji cewa mutum 96 cikin 100 asirinsu a rufe yake. Wannan kuwa magana ce da idonsa ya ƙaryata tun kafin ya fita daga layinsu, kuma gani ya kori ji.

A ƙasar da babu alawus na marasa aiki, zama babu motsi gata ne. Talaka ba ya iya kwana bakwai bai taɓa komai ba, domin hannu baka hannu ƙwarya yake rayuwa. Wannan ne ya sa a sabon lissafin adadin marasa aiki ya fi yawa a tsakanin masu ilimin gaba da sakandare, waɗanda galibi suke da wanda zai ciyar da su kafin takarda ta yi amfani. Ƙanƙantar adadin, ke nan, tana iya zama alamar tsananin buƙata maimakon alamar wadata.

4.0 Albashin da Ba Ya Kai Wata

Ko wanda ya samu aikin da harshe ya yarda aiki ne, shakkunsa bai gushe ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 125 ne a 1981, lokacin da naira ta fi dala daraja, wato kimanin dala 200. Ya zama naira 18,000 a 2011, sama da dala 100 a canjin lokacin. Ya koma 30,000 a 2019. Sannan 70,000 a Yulin 2024, wanda bai kai dala 50 ba. A wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, buhun shinkafa mai kilo 50 kuma ya zarce albashin gaba ɗaya a kasuwanni da dama. Lamba tana hawa, abin da take saya yana sauka.

Bugu da ƙari, dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin wucin gadi ko masu karɓar la'ada ba. Malamar makarantar kuɗi ta unguwa, da yaron shago a Kantin Kwari, da mai gadin gida, duk suna wajen inuwarta. Idan aka haɗa wannan da ƙarancin masu aikin albashi tun farko, za a ga cewa taƙaddamar da ƙungiyoyin ƙwadago ke yi da gwamnati, duk da muhimmancinta, 'yan tsiraru take taɓawa kai tsaye.

5.0 Baƙo

Mutumin da aka gaya wa ayyuka sun yawaita, shi kuma bai gani ba, ɗayan biyu zai ɗauka: ko dai ƙarya ake yi, ko kuma ayyukan suna nan wani ne ya kwashe. A nan baƙo yake shigowa.

Kalmar baƙo ta haɗa wanda ya zo ziyara, da wanda ba a sani ba, da ɗan wata ƙasa. Al'ada ta girmama shi har aka ce baƙonka annabinka, amma ta kuma yi masa iyaka: baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ana karrama shi ne bisa zaton zai tafi. Da ya zauna ya shiga neman abinci, sai harshe ya nemo masa wani suna, mafi kaifi shi ne baƙon haure, wanda ya haura katanga bai bi ta ƙofa ba.

A maganar jama'a baƙin ma'aikata iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai na sama, wato injiniya ko manajan da kamfani ya kawo daga Indiya ko China ko Labanon bisa gurbin da gwamnati ta amince, wanda ƙorafin da ake yi a kansa shi ne ana biyansa ninkin-ba-ninkin abin da ake biyan ɗan ƙasa mai takarda irin tasa. Akwai kuma na ƙasa, ɗan ci-rani daga Nijar ko Chadi mai ga-ruwa ko shayi ko gadi, wanda ake cewa yana karya farashin ƙwadago. A Kano ko Katsina zargi na biyu ba shi da ƙarfi sosai, domin mutumin Maraɗi ko Damagaram harshe ɗaya, addini ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya ne da mai masaukinsa. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, Bakano da kansa yakan koma wannan baƙon idan ya sauka Legas: lokacin da aka hana acaɓa a wasu sassan birnin a 2020 da 2022, an yi ta yaɗa cewa masu baburan baƙin haure ne, ba tare da bambance ɗan Jigawa da ɗan wata ƙasa ba.

Zargi na farko ya fi bayyana a harkar tufafi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakata a 2007, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da yawa suka zama kufai. A 2012 jami'an shige da fice sun kama gomman 'yan China da ke kasuwanci a Kantin Kwari, a 2015 kuma marina suka yi tattaki zuwa fadar Sarkin Kano suna kukan kayan China sun kashe musu sana'a. Kukan na gaskiya ne. Amma masaƙun sun durƙushe ne saboda rashin lantarki, da tsadar baƙin mai, da fasa-ƙwauri, kuma 'yan kasuwar gida na cikin waɗanda suka fara kai samfurin atamfa da shadda China a buga musu da araha. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ana ganin ɗan China a bakin shago, ba a ganin manufar da ta kawo shi.

Tarihin yankin ya riga ya gwada korar baƙi a matsayin magani har sau uku. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, abin da ya girgiza zangunan Kumasi da Ankara, ya raba Hausawa da Yarbawa da dama da garuruwan da aka haife su. A Janairun 1983, bayan faɗuwar farashin mai, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran kuma har da 'yan Nijar da Chadi. Gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta maimaita a 1985. Guraben da suka bari ba su zama ayyukan albashi ga 'yan ƙasa ba. Abin da ya biyo baya shi ne shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da faɗuwar naira, da rage ma'aikata.

Game da baƙon sama kuwa, a ƙarshen Fabrairun 2024 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar da harajin ɗaukar ma'aikata 'yan ƙasar waje: dala 15,000 a shekara a kan kowane darakta, dala 10,000 a kan sauran, da nufin rage tazarar albashi da tura kamfanoni su ɗauki 'yan gida. Ƙungiyoyin masu masana'antu da 'yan kasuwa suka ce zai kori masu zuba jari. Bai cika mako biyu ba aka dakatar da shi.