Yadda Waya Ke Canza Riga, Da Yadda Za Ka Gane Theme Na Bogi

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wajen masu caji da tura fina-finai a kasuwar Illela ya san tambayar nan: "A sa maka theme mai kyau?" Kafin ka amsa, ya kamata ka san abin da ake sa maka.

Manhajar Android kashi biyu ce. Akwai umarnin da ke tafiyar da aiki, akwai kuma kayan ado: launuka, hotunan madannai, girman rubutu da kalmomin da kake karantawa. Mai haɗa manhaja ba ya rubuta "madannin nan kore ne". Suna yake ba launin, misali colorPrimary, sai ya ajiye ainihin launin a wani fayil cikin jakar res. Da yawa ma ba su ɗinka adon da kansu, ɗauko shi suke yi daga rumbu na daban, irin Material Components na Google, shi ya sa manhajoji da dama suke kama da juna.

Amfanin wannan rabuwa shi ne waya na iya zaɓen riga daidai da yanayi. Jakar values-night ta dare ce, values-fr ta Faransanci, values-ha ta Hausa. Har lambar ƙasar layinka tana iya shiga lissafi, 621 ta Najeriya, 614 ta Nijar, don haka manhaja ɗaya na iya nuna wa mai layin Illela wani abu, mai layin Konni wani abu daban.

Kamfanin Sony ne ya kawo dabarar ɗora riga daga waje, wadda ake kira RRO. Wani ƙaramin kunshi ne da ke cewa "duk inda aka nemi launin nan, a ba da wannan a madadinsa". Android 8 na 2017 ya sa ana iya kunna shi da kashe shi, Android 12 na 2021 kuma ya fara ciro launuka daga hoton fuskar wayarka.

To, ga inda nake so ka lura. Kunshin RRO ba ya ɗauke da umarni ko kaɗan, ado ne zalla. Launi ba shi da abin yi da saƙonninka. Idan aka turo maka fayil ɗin APK ta Xender da sunan theme, ka ga yana neman izinin karanta SMS ko lambobin mutanenka, goge shi. Ta SMS ɗin nan ne banki ke aiko maka lambar sirri ta tura kuɗi.

Haka ma GBWhatsApp da samari ke so saboda yawan kaloli: ba riga ba ce, manhajar ce gaba ɗaya wani ya farke ya sake ɗinkewa, kuma WhatsApp na rufe asusun masu amfani da ita. Mai Tecno ko Infinix ya shiga manhajar theme da ta zo da wayarsa, mai Samsung kuma ya duba Galaxy Themes.