Dabarun Jawo Hankali a Jawaban Makoki: Misali Daga Wasan Julius Caesar

Gabatarwa

William Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayon Julius Caesar wajen shekarar 1599. Ya gina shi a kan kisan da wasu manyan Rum suka yi wa Juliyas Siza ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A kashi na 3, fitowa ta 2, mutum biyu sun yi wa jama'a jawabi a kan gawarsa: Burutus, jigon waɗanda suka kashe shi, da Antoni, amininsa. Wannan darasi zai nazarci dabarun da kowannensu ya yi amfani da su.

Jawabin Burutus

Burutus ya yi magana cikin zube, a taƙaice. Hujjarsa ita ce Siza ya cika buri, kuma da an bar shi da ya mayar da Rumawa bayi. Ya ce yana ƙaunar Siza, amma ƙaunar ƙasarsa ta rinjaya. Ya jero tambayoyin da ba mai iya amsa su ba tare da ya kira kansa bawa ba. Sai dai bai kawo misali ko ɗaya na burin nan ba; mutuncinsa kawai ya jingina. Jama'a sun yi masa tafi, har wani ya nemi a ɗora shi a matsayin Siza, alamar cewa ba su fahimci manufarsa ba. Daga nan ya tafi ya bar wa Antoni fage, alhali tun farko Kasiyas, abokin shirinsa, ya gargaɗe shi.

Jawabin Antoni

An sharɗanta wa Antoni kada ya zargi makasan, don haka sai ya koma ga gugar zana. Cikin salon waƙa, ya riƙa nanata yabon mutuncin Burutus, yana haɗa shi da abin da ke ƙaryata shi: dukiyar da Siza ya zuba a baitulmali, da kukan da ya yi don talakawa, da kambin sarauta da ya ƙi karɓa sau uku. A hankali yabon ya zama zambo.

Sannan ya ambaci wasiyyar Siza, ya ƙi karantawa har sai da jama'a suka matsa. Ya sauko daga mumbari, ya nuna musu alkyabbar mamacin da ɓular wuƙaƙe, ya yaye ta suka ga raunukan. Daga ƙarshe ya bayyana cewa Siza ya bar wa kowane ɗan gari dirhami 75 da lambunansa.

Kammalawa

Burutus ya nemi a yarda da shi. Antoni ya nuna abin da ido ke gani, kuma gani ya kori ji. Amma rinjaye a fagen magana ba shi ne gaskiya ba. Taron da Antoni ya tunzura ya kashe mawaƙi Sina don kawai sunansa ɗaya da wani daga cikin makasan. Wajibi ne malami ya koya wa ɗalibansa rarrabe hujja da abin da ke motsa zuciya, domin magana zarar bunu ce.

Auna Fahimta

1. Wane rauni ne ke cikin jawabin Burutus?
2. Bayyana yadda maimaitawa ta sauya ma'anar yabo a jawabin Antoni.