Idan Kin Gano Wani Sabon Abu, Yaya Za Ki Sanar da Duniya?

Darasinmu na wannan fitowar ya shafi uwargidan da Allah Ya ba basirar lura. Wata ta ga wani ganye yana kwantar wa yaranta da ƙaiƙayi, wata ta samo dabarar hana wake ƙwari, wata kuma ta gaji wani haɗin magani daga kakarta. Sai ki ga ɗayan biyu: ko ta ɓoye har ta koma ga Allah da shi, ko ta baza shi a gidan suna da WhatsApp tun ba a tabbatar ba. Duka biyun asara ne. Ilimi amana ne, kuma akwai hanyar isar da shi ko da ba ki taɓa shiga jami'a ba.

Addininmu ya riga ya shimfiɗa mana ƙa'ida. Aya ta 43 a Suratun Nahli ta umarce mu da tambayar masana a kan abin da ba mu sani ba, aya ta 6 a Suratul Hujurati kuma ta koya mana bincikar labari kafin a yi aiki da shi. A kan waɗannan biyun matakan nan suka ginu.

Na farko, ki rubuta. Ki ware littafi guda, ko da boko ko da ajami, ki riƙa sa kwanan wata, abin da kika yi amfani da shi, yawansa, da abin da ya biyo baya. Har ranar da abin bai yi ba ki rubuta, domin ita ma shaida ce. "Wallahi yana yi" ba ya gamsar da mai bincike, amma lissafi yana gamsar da shi.

Na biyu, ki gwada tare da kwatance. In dabarar adana wake ce, ki raba wake iri ɗaya gida biyu, ki sa wa ɗaya, ki bar ɗayan haka nan, ki ajiye su a ɗaki guda. Ki maimaita sau da yawa, ki ba maƙwabciya ita ma ta gwada. Dubi marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafin, cikin tukunyar ya yi sanyi. Ya ƙirga kwanaki: yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27. Wannan lissafi da kowa zai iya maimaitawa shi ya sa aka saurare shi, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

A nan akwai gargaɗi babba. In abin na sha ne, kada ki mai da 'ya'yanki ko na mutane abin gwaji, balle mai juna biyu. Mura da wasu ƙuraje kan warke da kansu, sai a ɗauka maganin ne ya yi. Wani saiwar kuma yana kwantar da ciwo a fili alhali yana cin hanta ko ƙoda a ɓoye. Kuma kada ki sa kowa ya bar maganin asibiti saboda naki.

Na uku, ki bincika ko an riga ki. Ki sa 'yarki ko ƙaninki ya duba miki a intanet. In an san shi, ba abin kunya ba ne, alama ce idonki na gani daidai.

Na huɗu, ki kai wa masu abin. Da shawarar maigida, ki nemi wanda fanninsa ne. In harkar noma ce ko adana amfanin gona, akwai malaman gona da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. In magani ne, akwai tsangayar harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar NIPRD da ke Abuja. Ki rubuta bayani shafi ɗaya kawai: ga abin da na gani, ga yadda na gwada, ina neman a duba mini. Ban da cika baki irin na "maganin cuta arba'in", don da jin haka masana ke ja da baya. Ki tafi da ganyen tare da furensa ko 'ya'yansa, saboda suna ɗaya kan hau tsiro biyu daga gari zuwa gari.

Kada ki ce wa zai kula ni. Maganin sikila da ake kira Niprisan asalinsa haɗin wani mai maganin gargajiya ne, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace da Yarbawa ke kira osun. Ya kai wa NIPRD, aka ƙulla yarjejeniya a rubuce, aka yi shekaru ana gwaji, sannan aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006.

Na biyar, ki tsare haƙƙinki. Kafin ki buɗe sirrin haɗin, a yi takarda da shaidu a kan sunanki da rabonki, kamar yadda doguwar ayar nan ta Suratul Baƙara ta koya mana rubuta bashi. Ki sani kuma, abin da aka riga aka yaɗa a bainar jama'a yana da wuya a yi masa rajistar mallaka daga baya. Sayar da magani kuwa sai NAFDAC ta yi masa rajista.

A ƙarshe, ki shirya wa amsa kowace iri. In an ce bai yi ba, kin tsira daga ɗaukar alhakin bayin Allah. In kuwa ya tabbata, to kin bar ilimi mai amfani, irin wanda ladansa ke bin mutum har kabari.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya raba mu da cutar da wani. Wassalamu alaikum.