Rufinka a SketchUp Ba Takarda Ba Ne

Wani ɗan ajinmu ya zana wa kawunsa shago a Makarfi. Kafinta ya duba, ya ce: "Malam, ina katakon zai zauna?" Rufin siriri ne kamar takarda, ba kauri ko kaɗan.

Yawancinmu Push/Pull muke rugawa mu ɗauka, kuma nan matsalar take. Shi yana tura fuska ne ta inda ta kalla, ba sama sak ba. Ka ja ɓangarorin rufin biyu, sai ka ga ƙoƙuwar ta buɗe baki, bakin rufin kuma ya karkace, alhali kafintocin Ikara da Kudan a tsaye suke buga katakon baki.

Ga yadda nake yi. Je ka gefen ginin, inda bango ya yi kusurwa uku. Zaɓi layukan gangaren biyu, ɗauki Move, danna Ctrl don kwafi, sannan kibiyar sama don ya bi shuɗin layi. Haɗa bakunan da layi a tsaye, sai ka ja siffar da Push/Pull har ƙarshen ginin.

Amma kula da lissafi. In raftarka milimita 150 ce, gangaren kuma digiri 30, kada ka ɗaga 150; kaurin zai tsaya kusan 130. Raba 150 da kosayin 30, ka samu 173.

Rufi mai gangare huɗu kuwa, kwafi fuskokin duka sama, ka rufe gefuna da hannu. Akwai gajiya, amma ya fi facin ƙoƙuwa daren miƙa aiki.