Ma'aikaci ko Mai Zaman Kansa? Matsayi da Harajin Mai Sana'ar Wasanni a Birtaniya

Duk wanda ya karanci ilimin halittu ya san cewa ba a raba halittu gida-gida ta hanyar sunan da jama'a suka ba su. Jemage yana da fukafukai, yana tashi sama, amma da yake haihuwa yake yi kuma yana shayar da 'ya'yansa, sai masana suka ajiye shi cikin dabbobi masu shayarwa. Irin wannan hanya ce kotunan Birtaniya suke bi idan aka kawo musu mai koyar da wasa, ko alƙalin wasa, ko mai horar da masu motsa jiki, aka ce su faɗi ko ma'aikaci ne ko mai zaman kansa. Abin da aka rubuta a saman takardar yarjejeniya bai isa hujja ba, yadda aikin yake gudana shi ake dubawa. A wannan muƙala za mu ga yadda ake yin wannan rabo, da kuma abin da yake hawa kan mutum ta fuskar haraji ranar da ya fara cin gashin kansa.

Yadda ake gane matsayi

Maganar ta daɗe a fagen wasa. A shari'ar Walker da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Crystal Palace, wadda take cikin kundin hukunce-hukunce na 1910, ɗan wasa ya ji rauni ya nemi diyya. Ƙungiyar ta kawo hujjar cewa da basirarsa yake wasa, ba wanda yake gaya masa yadda zai buga ƙwallo, don haka bai shiga sahun ma'aikata ba. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta karɓi wannan ba, domin ɗan wasan ya ɗauki alkawarin bin umarnin ƙungiyar da zuwa atisaye.

Ma'aunin da ake aiki da shi har yau ya fito ne daga shari'ar kamfanin Ready Mixed Concrete ta 1968, wadda ta shafi direban motar kankare. Alƙali MacKenna ya kafa sharuɗɗa uku. Na farko, mutum ya yarda zai yi aikin da kansa don a biya shi. Na biyu, wanda ya ba shi aikin yana da isasshen iko a kansa. Na uku, sauran sharuɗɗan yarjejeniyar ba su saɓa wa zaman ma'aikaci da ubangidansa ba. Wato idan mai koyar da wasan tanis shi yake yanka farashinsa, yana zuwa da kayan aikinsa, yana iya aiko wani a madadinsa, kuma idan ɗalibai ba su zo ba shi ne da asara, to alamu sun nuna mai zaman kansa ne. Idan kuwa kulob ne yake tsara masa lokaci, ya ba shi riga, ya biya shi ko an zo ko ba a zo ba, to ko da takarda ta kira shi mai zaman kansa, hukumar haraji ta HMRC tana iya cewa ma'aikaci ne.

Shari'o'i biyu na baya-bayan nan sun nuna yadda iyakar take da wuyar shatawa. Jess Varnish, 'yar tseren keke, an cire ta daga shirin horo na ƙasa a 2016, ta kai ƙara. A 2019 kotun ƙwadago ta yanke cewa ba ma'aikaciyar hukumar tseren keke ba ce, domin kuɗin da take samu sun fi kama da tallafin ɗalibi, kuma an tabbatar da hukuncin a 2020. A ɗaya ɓangaren akwai alƙalan wasa na wucin gadi waɗanda kamfanin PGMOL yake turawa su busa wasannin da ke ƙasa da gasar Firimiya. A watan Satumba na 2024 Kotun Ƙoli ta ce daga lokacin da alƙali ya karɓi wasa har ya miƙa rahotonsa, sharuɗɗa biyu na farko sun cika, sannan ta mayar da shari'ar ƙaramar kotu don ta auna na uku. Harajin shekarun 2014 zuwa 2016 aka yi jayayya a kansa. Mai karatu ya lura: a 2024, shekara 8 bayan an busa usur na ƙarshe, ba a gama gardama ba.

Akwai kuma wani abin da yake rikita sabon shiga. Dokar ƙwadago ta san gida uku, wato cikakken ma'aikaci, da mai zaman kansa, da wani na tsaka-tsaki wanda yake da haƙƙin albashi mafi ƙanƙanta da hutun mako 5.6 a shekara tare da biya. Dokar haraji kuwa gida biyu kaɗai ta sani. Saboda haka mutum yana iya zama na tsaka-tsaki a wajen kulob, alhali hukumar haraji tana lissafa shi mai zaman kansa. Haka nan ana iya haɗa biyun: malamin makaranta da ake cire masa haraji daga albashi, wanda kuma yake koyar da ninƙaya ranar Asabar don aljihunsa.

Abin da yake hawa kan mai zaman kansa

Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilu na shekara mai zuwa. Asalin wannan baƙon lissafi yana komawa ga gyaran kalanda na 1752, lokacin da ƙasar ta tsallake kwana 11. Tun daga 2017, wanda duk abin da ya shigo masa daga sana'ar kansa bai wuce fam 1,000 a shekara ba, ba a neman ya bayyana shi. Wanda ya wuce haka dole ya yi rajista da HMRC, kuma wa'adinsa shi ne 5 ga Oktoba da ke bin ƙarshen shekarar harajin da ya fara aiki a cikinta. Daga nan shi zai lissafa ribarsa, ya cika takardar bayani ta intanet, ya biya, duka zuwa 31 ga Janairu. Jinkirin cika takardar ko na kwana ɗaya ne yana jawo tarar fam 100.

Bari mu buga misali da alƙaluman shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 a Ingila, domin Sikotilan tana da nata matakan. Mai horarwa ya samu fam 30,000, ya kashe fam 4,000 wajen hayar fili da sayen kayan aiki da inshora. Ribarsa fam 26,000 ke nan. Fam 12,570 na farko babu haraji a kansu, saura fam 13,430. Harajin kuɗin shiga kashi 20 cikin ɗari ne, wato fam 2,686. Gudummawar inshorar ƙasa kashi 6 cikin ɗari ce, wato kusan fam 806. Jimla ta kama kusan fam 3,492.

A nan ne da yawa suke yin tuntuɓe. Idan abin da ake bin mutum ya haura fam 1,000, kuma ba a riga an cire mafi yawan harajinsa daga albashi ba, hukuma tana neman ya fara biyan na shekara mai zuwa kashi biyu, rabi a Janairu, rabi a 31 ga Yuli. Don haka mai horarwar nan, ranar 31 ga Janairu 2027, ba fam 3,492 zai biya ba, kusan fam 5,238 ne, sannan fam 1,746 a Yuli. Wanda ya cinye kuɗinsa wata-wata yana ganin duk nasa ne, a Janairu zai nemi bashi. A ganina, ware kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da ya shigo a wani asusu daban, tun daga watan farko, ya fi kowace dabara sauƙi. Rasit da bayanan ciniki kuwa sai a adana su aƙalla shekara 5 bayan wa'adin Janairu.

Me ake iya cirewa?

Ƙa'idar ita ce kuɗin da aka kashe ya zama don sana'a kaɗai aka kashe shi. Ƙwallaye da usur da hayar fili da kuɗin sabunta lasisi duk suna shiga. Tufafin yau da kullum ba sa shiga. A 1983 wata lauya, Ann Mallalieu, ta nemi a cire mata kuɗin baƙaƙen tufafin da take sa wa zuwa kotu, amma Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, ta ƙi, domin tufafi suna suturta mutum su kare shi daga sanyi ko yana aiki ko ba ya yi. Abinci ma haka yake. Ɗan wasa yana ƙona kuzari fiye da mai zaman ofis nesa ba kusa ba, amma zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa suna cin rabonsu ko mutum yana barci, don haka cefanen gida ba ya zama kuɗin sana'a.

Jikin nan kuwa shi ne jarin mai wannan sana'a. Jijiyar da ke riƙe gwiwa idan ta tsinke aka yi aiki, sau da yawa akan ɗauki wata 9 ko fiye kafin a koma fili. Ma'aikaci yana da kuɗin jinya da doka ta wajabta wa ubangidansa, mai zaman kansa ba shi da su, sai abin da ya tara ko inshorar da ya saya wa kansa.

Ɗalibanmu da ke tafiya ƙaro ilimi su kula da wani abu guda. Bizar karatu ta Birtaniya ta hana sana'ar kai gaba ɗaya, ta kuma hana aiki a matsayin ƙwararren ɗan wasa ko mai horarwa. Ɗalibin da ya fara karɓar kuɗi yana koyar da yara ƙwallo a unguwa, ko da abin bai kai fam 1,000 ba, ya karya sharaɗin zamansa, kuma ana iya soke masa biza a kan haka.