Kafin ka sayi ƙaramar kyamara

Mai sha'awar ɗaukar hoto a Sifawa, ƙaramar kyamara mai sauya gilashi ta ishe ka. Amma duba makomarta kafin ka biya. Kamfanin Canon ya daina ƙera ƙananan kyamarorinsa na EOS M. Tsarin Micro Four Thirds kuwa, wanda Olympus da Panasonic suka fito da shi a 2008, yana nan da ransa, kuma gilashin ɗayansu yana hawa kyamarar ɗayan. Ta hannu ma ba laifi, in ka gwada.

Bayan ka saya, ƙurar hunturu ce abin tsoro. Kada ka kwance gilashi a tsakiyar kasuwar Boɗinga. Shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa tukuna.